'Yar Malam Salih Ba Ta Shan Azumi

Duk wanda ya san kasuwar Hillat Kuku kafin yaƙi ya san Malam Salih mai turare, ko da bai taɓa sayen komai a wurinsa ba, don shi ba ya bari a wuce shi ba a gaishe shi ba. Teburinsa bai fi tabarmar sallah girma ba. Kwalaben turare ne a jere, da carbi, da lalle a leda, da 'yan littattafan addu'a da rana ta cinye bangonsu. Amma ka ga yadda yake hakimcewa a bayan teburin nan, rawani har kunne, tabarau a kan hanci, sai ka rantse shi ne alƙalin alƙalan birnin Bahri. Wai Malam! Da bakinsa ya naɗa kansa. Karatunsa bai wuce babin tsarki da na sallah ba, su ma da ƙyar da jiɓin goshi, amma kullum bayan la'asar sai ya tara masu tura baro biyu ko uku ya karanta musu.

Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka. Da ya iso yankin Jazira, a gaɓar kogin Nilu, sai ya tsaya noman auduga don ya tara guzuri, guzuri bai taru ba har 'ya'ya suka taru. Bawan Allah ne, ya mutu da fartanya a hannu. To amma a bakin Salih tsohon nan girma yake yi duk shekara. Bara ya sauke Alƙur'ani a kan hanya, bana kada ce ta goya shi ta ƙetare Nilu da shi. Abin da ke cin Salih a rai tun yana saurayi ɗaya ne: a nuna ƙofarsa a ce gidan baraka ne. Larabawan unguwa kan je wurin malaman Hausawa neman addu'a, shi kuwa ba wanda ya taɓa zuwa wurinsa sau biyu.

A unguwar Hajj Yusuf yake zaune. Matarsa Khadijatu ta rasu tun kafin yaƙi, 'ya'yansa maza biyu sun tafi ci-rani, ɗaya Libiya ɗaya Masar. Gidan ya rage daga shi sai yayarsa, Gogo Ni'imatu, wadda mijinta ya mutu ta dawo ta riƙe musu tukunya, sai autarsa Shamsiyya. Yarinya ce 'yar duma-duma mai yawan dariya, wadda ƙawayenta na makaranta suka laƙaba wa “buhun sukari”. Takan yi dariya tare da su, ta dawo gida ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Uban bai san wannan ba. Me ma ya sani? A gidansa, kamar kowane gida a layin, tiren maza waje yake fita, na mata ciki yake zama. Tun da Shamsiyya ta daina hawa cinyarsa bai sake ganin ta kai loma baki ba, kuma bai taɓa jin ya yi asarar wani abu ba.

Da yaƙi ya ɓarke, kasuwa ta watse, teburin turare ya bi iska. Mutanen Hajj Yusuf suka ga yunwa da idonsu. Wata rana garin dawa ya yi ƙaranci har Gogo ta yi kisra, wainar nan tasu mai falle-falle, 'yar kaɗan ta raba, kowa falle biyu. Shamsiyya ta naɗe nata a gefen mayafi ta kai wa 'ya'yan maƙwabta, ta ce ai ita azumi take. Uban yaran ya tare Malam Salih a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya riƙe hannunsa yana hawaye yana cewa irin wannan tarbiyya sai gidan malamai.

Wayyo, zo ka ga Salih! Abin da ya nema shekara da shekaru bai samu ba, ga shi ya faɗo masa a tafin hannu. Ya dawo gida kamar zai tashi sama. Ya ƙwala kiran sunanta tun daga ƙofa, ya ɗora hannu a kanta, ya ce, “Jinin kakana ne a jikinki. Duk 'ya'yana ke kaɗai kika gado shi.” Yarinya ta fashe da kuka don daɗi. Shekara goma sha bakwai tana gidan, ranar ce uban ya fara dubanta ido cikin ido.

Daga baya zama ya gagara, suka ƙetare ruwa zuwa Omdurman, suka sauka a unguwar Alsawra, a gidan wani ɗan'uwa da ya gudu ya bar musu mabuɗi. Can da ɗan sauƙi. Akwai takiya a layinsu, inda ake dafa adas, ɗan ƙaramin waken nan, a manyan tukwane a raba wa kowa kyauta, kuma samarin nan na ci-rani sukan turo ɗan abin da ya samu. Mutane suka fara murmurewa. Shi kansa Malam tumbinsa ya dawo mazauninsa, har ya fi da. Shamsiyya ce kaɗai ta ci gaba da zubewa.

Ba zama take yi ba. Tun safe tana takiya, ita ce wanke adas, ita ce juya tukunya, ita ce zuba wa masu layi. In ta dawo ta kama girkin gida, ta yi wa uban miyar kuɓewa yadda yake so, ta tsaya a bayan labule tana tambaya ko ya ƙoshi. Ita kuwa azumi. Da fari Litinin da Alhamis ne, aka ƙara kwanakin tsakiyar wata, daga nan aka daina lissafi, kullum ne. In an sha ruwa ta ɗan taɓa dabino, ta kurɓi shayi ba sukari, ta ce, “Alhamdu lillahi, ana shab'ana,” wato ta ƙoshi. Adamu, mai kula da takiyar, shi ya fara kiranta waliyyiya cikin wasa. Malam Salih ya ɗauki wasan ya mayar da shi gaske, yana yawo da shi majalisa majalisa.

A lokacin yaƙi rama ba abin kallo ba ce, kowa ya rame. Kuma tire ɗaya mata ke haɗuwa a kai, da maƙwabta da baƙi, hannu biyar ko shida a kwano guda, wa zai ce ga abin da wance ta ci? Amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima. Gogo Ni'imatu ta lura hannun yarinyar yana zuwa kwano yana dawowa, amma baki ba ya motsi. Ta ga tana gutsuttsura kisra ƙanana ƙanana tana turawa gaban na kusa da ita. Ta zauna yi mata kitso, gashi ya biyo mataji dam. Ana zafin da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, yarinya na sanye da rigar sanyi a ƙarƙashin abaya, tafin hannunta kamar an tsamo daga randa. In ta ɗago daga sujada sai ta dafa bango. Ta daina zuwa gidan ƙawarta Mawahib, don can ba a barin baƙo ya fita bai ci ba. Ran nan kuma Gogo ta same ta gaban gilashin taga tana mintsinin fatar damtsenta, tana cewa a hankali, “Har yanzu da saura.” Da Gogo ta ce saura me, sai yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba ta hau ta da faɗa.

Gogo ta sami ƙanen nata a zaure yana jan carbi, ya baje ƙafa bayan ya tashi da kwanon dafaffen waken ful.

“Salih, yarinyar nan ba lafiya take ba.”

“Wace yarinya, Yaya?”

“'Ya'ya mata nawa gare ka? Shamsiyya. Ba ta cin abinci. Ba azumi ba ne wannan, tsoron abincin take ji. Gashinta na zuba, jiri na ɗibarta, ƙashi da fata ce amma tana ganin kanta da ƙiba.”

Ya yi murmushin nan nasa na masu ilmi, wanda ke sa mutum ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. “Yaya ke nan. Ku mata ba ku san komai ba sai ciki. Jiki ai abincin ƙasa ne. Yarinyar da ake ba da misali da ita a Alsawra kaf? Ni da kunnena nake jin butarta kowace asuba. Watanni ke nan, wallahi ba ta sha sallah ko ɗaya ba, ba ta sha azumi ko ɗaya ba. Ko ɗaya!”

Gogo ta dube shi tun daga rawani har yatsun ƙafa. “Maimaita abin da ka ce.”

“Na ce ko ɗaya.”

“Shekarunta goma sha tara, Salih. Budurwa ce baliga. Kai da ka ishi masu baro da babin tsarki, ba ka taɓa tambayar kanka yadda mace za ta yi watanni ba ta sami hutun sallah ba? Abin ya ɗauke mata. Jikinta ya bushe har ya daina aikin mata. Wannan kake tutiya da shi a majalisa?”

“A'uzu billahi! Yaya, wace irin magana ce wannan a gaban namiji?”

“A gaban uba nake yin ta.”

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ka ce ko maganar ta shige shi. Ina! Can sai ga fuskarsa ta washe, ya ɗaga yatsa sama. “Allahu akbar. To ai wannan ita ce karamar. An ce akwai bayin Allah mata da Ubangiji kan tsarkake su don kada ibadarsu ta yanke. Ashe har ta kai nan!” Kai jama'a, a kawo wa mutum wuta a tafin hannu ya ce fitila ce. Gogo ta ja tsaki, ta ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ta kwashe kwanonsa ta shige ciki.

Ya kuwa gani. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumin Ramadan, da hantsi, Shamsiyya na tsaye kan tukunyar adas da muciya sai ta sulale ƙasa. Allah ya sa baya ta faɗi, ba cikin tukunyar ba. Aka saka ta a rakasha, keke mai ƙafa uku, Gogo na rungume da ita, Malam na gaba kusa da direba yana ta salati da ƙarfi don masu wucewa su ji.

A ɗan asibitin unguwa suka sami wata likita, Wafa'a, matashiya da gajiya ta zauna mata a ƙarƙashin ido. Ta auna yarinyar, ta saurari ƙirjinta ta daɗe, ta yi ƙus-ƙus da Gogo, sannan ta fito da uban baranda.

“Ya Hajj, yaushe rabon ka ga 'yarka tana cin abinci?”

Ya ce ai su maza waje suke ci. Sannan ya gyara tsayuwa ya fara ba ta labarin azumin, har ya ɗauko kakansa da kada.

Ta katse shi. “Masu yunwar yaƙi kullum ina ganinsu. Su in ka miƙa musu abinci da hannu biyu suke karɓa. 'Yarka abincin na gabanta, ta kasa. Cuta ce sananniya, tana kama tunani kafin ta kama jiki, kuma tana kisa. Zuciyarta ta yi rauni ƙwarai, bugunta ya yi ƙasa. In ta ɗauki azumin bana, ban ba ka tabbacin za ta ga Sallah ba. Za ta riƙa ci kaɗan kaɗan yadda zan nuna wa gwaggonta, ku riƙa kawo ta ina dubawa, akwai kuma wadda zan haɗa ta da ita su riƙa magana. Amma abu ɗaya naka ne. A daina yabonta a kan rashin ci. Na tambaye ta me ya sa ba za ta sha azumi ba, ta ce babanta zai ji kunya.”

Ya koma ɗakin. Hannun Shamsiyya na kan zanin gado, an soka masa allurar ƙarin ruwa. Rabon da ya dubi hannun nan da kyau har ya manta. Tsintsiyar hannun ba ta fi kaurin muciyar kunu ba, ga wani gashi laushi laushi ya fito mata a damtse. Gaskiya dai a faɗe ta ko a kan wa: ya razana. Ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da harsashi ya fasa musu tankin ruwa. Ya durƙusa a bakin gadon ya ce, “Shamsiyya, na hana ki azumin bana. Umarni ne.”

Ta juyo da idanun da suka yi zuru-zuru. “Yaba,” in ji ta, don haka take kiran uban, “mutane fa? Me za su ce?”

“Ba ruwanki da mutane. Ni ne ubanki.”

Kalma mafi kyau ke nan da ta taɓa fita daga bakin Malam Salih, kuma yarinyar ta riƙe ta. Aka dawo gida. Gogo ta jawo gadon yarinyar tsakar gida, inuwar bangon da ya raba su da titi, ta zauna a kanta kamar kaza kan ƙwai. Madida take dama mata, kunun nan na gero da hulba, tana ba ta da cokali. Ba sauƙi. Wani cokalin sai an yi kuka, wani sai an yi rantsuwa, wani sai Gogo ta ce, “Babanki ne fa ya ce.” Da wannan ake samu ya wuce. Cikin makon farko na Ramadan jirin ya ɗan lafa, har ran nan aka ji ta yi dariya da Mawahib ta zo dubiya.

To, al'adar garin ce a Ramadan maza su shimfiɗa tabarmi a titi, kowane gida ya fito da tirensa, a tare duk mai wucewa a ce sai ya zauna ya sha ruwa. Shimfiɗar layinsu a jikin bangon gidan Malam ake yin ta. Ran nan taron ya cika fiye da kullum. Adamu ya zo da baƙi, wasu dattawa masu taimaka wa takiya, har da limamin babban masallacin unguwa, wanda Salih ya daɗe yana so ya san sunansa. An jera tuwon asida da dafaffen waken balila da jug-jug na abin shan nan hilu-mur, rana ta yi ja, kowa na jiran kiran sallah.

Sai Adamu ya juyo. Ba da mugunta ba, shi dai bakinsa ba ya zama. “Malam, ina waliyyiyarmu? Takiya ta yi duhu ba ita. Ya Maulana, wannan shi ne mahaifin yarinyar da nake ba ka labari. Amma an ce wai likita ta sa ta sha azumi, har wasu na cewa wai abin a kai yake. Haka ne?”

Liman ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajen Salih.

Amsar na bakinsa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba: ba ta da lafiya, ni na hana ta, ku sa ta a addu'a. Ba wanda zai zarge shi. Limamin ma da ya ce ya yi daidai, don ko yaro ya san Allah bai ɗora wa majinyaci azumi ba. Kuma ya sani sarai gadonta na bayan bangon nan da ya jingina da shi, bangon da ko tari aka yi a titi ana ji a ciki. Yana ma jin ƙarar cokali a jikin kwano. Duk ya san wannan. Amma ga liman na kallonsa, ga dattawa sun miƙo wuya, ga kalmar nan “a kai yake” tana yawo a kan tabarma. Gidan baraka ya koma gidan mai taɓin hankali? Tir da wannan hali, wallahi tir.

Ya gyara rawani, ya yi 'yar dariya, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

“Shan azumi? 'Yata? Haba Adamu! Ba a haifi likitar da za ta sa Shamsiyya ta sha azumi ba. Sun yi juyin duniya, ta ce ko za ta mutu sai dai ta mutu da azumi a bakinta. Jinin kakana ne. Irinmu ba ma sha.”

“Masha Allah!” in ji dattawa. Liman ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yawaita irinta.

A bayan bango ƙarar cokalin ta tsaya. Salih ya ji an ajiye kwano a ƙasa, a hankali. Ya ji muryar Gogo ƙasa ƙasa: “Ke, ɗauki. Ƙarya yake yi, ke ma kin san ƙarya yake. Ko cokali ɗaya, don darajar uwarki.” Sai muryar yarinyar, siririya, ba kuka a cikinta ko kaɗan: “La, a'a, ya Gogo. Kin ji Yaba. Na ɗaura niyyar gobe.”

Tsakaninsa da ƙofar gida taku kaɗan ne. Ya dafa tabarma kamar zai miƙe. Daidai nan ladan ya ɗaga murya, hannuwa suka yi kan tire, liman da kansa ya ɗauki dabino ya saka masa a tafin hannu.

“Malam Salih,” in ji shi, “yau kai za ka yi mana addu'a. Uban irin wannan 'ya bakinsa ba ya faɗuwa ƙasa.”

Malam Salih ya koma ya zauna daram. Ya kai dabino baki, ya gyara murya, ya ɗaga hannu sama.